Da aka ce in je in huta

A cikin birnin Zariya aka haife ni, a wani lungu na Kwarbai, ba nisa da fada. Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne, irin aikin hannun nan na aska biyu da aska takwas da ake zuwa nema daga Kano da Bida. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa zaune hannu sake ba. Idan aka zo gaishe shi a zaure, baki na amsawa, allura na tafiya. Idan ido ya gaji da zare sai ya jawo carbi, idan aka kira salla ya miƙe. Ko ranar Salla da gari ke tururuwa zuwa ƙofar fada kallon hawa, shi da ya dawo daga idi ya ci tuwo, sai ya koma kan buzunsa ya warware rigar wani. Maganar da ba ta barin bakinsa ita ce, "Da zaman banza gara aikin kishiya."

Akwai wasu dattawa da ke dara a gindin wata cediya a hanyarmu ta zuwa makarantar allo. Duk ranar da muka wuce tare da shi, bayan ya yi musu sallama mun ɗan yi nisa, sai ya girgiza kai ya ce, "Tsofai-tsofai da su. Kabari na kiransu, suna ƙirga tsakuwa." Ban fi shekara bakwai ba a lokacin, amma maganar ta zauna mini daram. Na girma da yaƙinin cewa dattijon kirki wuri uku yake da shi a duniya: wurin nemansa, masallaci, sai zaurensa.

Lokacin da aka kawo shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ana neman malamai ruwa a jallo, shi ya sa da yawanmu muka shiga kwalejin horon malamai. Na kama aiki a 1981 a wani ƙauye ta wajen Soba, inda ajina ba shi da ƙofa, allon ma bango ne aka shafa wa baƙin gawayi. Daga nan aka yi ta yawo da ni har na dawo gida, na zama hedimasta. Shekara 35 cif na yi ina tashi da ƙararrawa ina kwanciya da tunanin rajista. A 2016 wa'adina ya cika, domin ƙa'idar aikin gwamnati a lokacin ita ce shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Dokar da ta ƙara wa malaman makaranta zuwa shekara 40 ta aiki ko 65 ta haihuwa sai a 2022 aka sa mata hannu, ta tarar da ni a gida tuni.

Malamaina sun shirya mini ɗan biki. Aka ba ni darduma da Alƙur'ani da agogon bango. Kowa ya tashi magana sai ya rufe da cewa, "Malam ya yi ƙoƙari, yanzu sai a je a huta." Na ji daɗi har cikin raina, kuma na ɗauka na san abin da kalmar take nufi.

Litinin ta farko ba zan manta da ita ba. Na dawo daga sallar asuba, na yi wanka, na saka farin kaftanin da aka goge mini, na kafa hula, na miƙa hannu kan taga inda nake ajiye makullin babur. Uwargidana tana tsugune tana hura wuta, ta ɗago ta ce, "Malam, ina zuwa?" Na tsaya da makulli a hannu. Ban ba ta amsa ba, na wuce zaure na zauna a kan dakali. Yara suna ta wucewa da jakunkuna, wasu suna rusunawa suna "Ina kwana, Hedimasta." Zuwa ƙarfe takwas lungun ya yi tsit. Maza sun tafi kasuwa da ofis, masu acaɓa sun fita, sai kaji da ni. Na duba agogo ina zaton an kusa azahar, ashe tara ba ta yi ba.

Haka kwanaki suka riƙa ja. Kuɗin sallamata bai fito ba sai bayan shekara biyu da wani abu, ana ta je-ka-ka-dawo da fayil, kuma wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane yadda rashin abin yi ke haɗuwa da rashin abin hannu su danne mutum ba. A da idan aka yi rasuwa a Samaru ko suna a Tudun Wada, ni ne kan gaba. Yanzu sai in tsaya lissafin man babur da abin da zan miƙa idan na je, daga ƙarshe in ce a gaishe su. Mutane ma suka ɗauke ƙafa. Iyayen yaran da ke sallama da ni tun da sassafe neman a ɗauki ɗansu, yanzu wani suke nema. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo, domin sai a lokacin na gane yawancin masu zuwa wurina kujerar suke zo wa.

Da na rasa inda zan kai ƙarfina sai na juye shi a kan iyalina. Na fara tambayar kuɗin man gyaɗa, da dalilin da ya sa omo ya ƙare da wuri. Jikokina da ke rugowa su rungume ni suka koma laɓewa idan sun ji takuna, saboda ba gaira ba dalili sai tsawa. Barci ya ƙaurace wa idona. Ƙarfe biyun dare ina kwance ido biyu, ina jin bugun agogon nan da aka ba ni, ina ƙirga abokan karatuna da suka riga mu gidan gaskiya. Wata rana na yi faɗa a kan an bar buta a tsakar gida, uwargidana ta ajiye muciya, hawaye na zuba, ta ce, "Malam, gidan nan ba makaranta ba ce, ni kuma ba ɗalibarka ba ce. Ka ji tsoron Allah ka nemi inda za ka riƙa zuwa." Shekara talatin da ɗoriya muna tare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Jikina ya yi sanyi.

Ciwon kai ne ya kai ni asibitin koyarwa da ke Shika. Aka auna ni aka ce jinina ya hau. Likitan yaro ne, bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba. Bayan ya rubuta magani sai ya ajiye biro ya ce, "Baba, in tambaye ka mana. Daga safe zuwa dare, da mutum nawa kake hira? Ban da gaisuwa." Na buɗe baki in ce da yawa, sai na ga ba ni da ko ɗaya da zan ambata. A masallaci muna haɗa sahu sau biyar, mu yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Ya ce mini magani zai taimaka wa jinin, amma damuwa da kaɗaici su ma ciwo ne, suna hana barci, suna taɓa zuciya, kuma tsofaffin da suka bar aiki suna yawan zuwa masa da irin wannan. Ya ce in riƙa taka ƙafa kullum, in kuma nemi mutane. A raina na ce yaro man kaza, ni da na yi shekara 35 cikin mutane za a koya wa neman mutane?

Wanda ya fitar da ni wani abokina ne tun na makarantar allo, tsohon direban jirgin ƙasa. Shekaru ya yi yana jan jirgi daga tashar Sabon Gari zuwa Ƙauran Namoda, ta Funtuwa da Gusau, kafin harkar ta mutu a hannunsu suna kallo. Kowa Direba yake ce masa. Ya zo duba ni ya tarar da ni a zaure ni kaɗai da rediyo a kashe. Ya dube ni ya ce, "Hedimasta, tashi ka raka ni." Muka taka har wajen Ƙofar Gayan, gindin wata dalbejiya kusa da ragowar ganuwa. Da na hango abin da ake yi a wurin sai na ja na tsaya. Dattawa ne kusan goma a kan tabarmi da benci, biyu sun sunkuya a kan ramukan dara. Muryar mahaifina ta dawo mini kamar yana tsaye a bayana. Na ce, "Direba, nan ka kawo ni? Da furfurata?" Ya ce, "Ba wanda ya ce ka taɓa. Zauna ka sha iska."

Sati uku na yi ina zuwa ban taɓa ko tsinke ba. Ina zama a gefen benci, ina kau da kai idan wani tsohon ɗalibina ya zo wucewa, don kada a ce girma ya faɗi. Amma kunne ba ya da marfi. A wurin na ji cewa wane yana kwance ƙafa ta kumbura, aka zagaya da hula kowa ya jefa abin da ya samu, aka wakilta mutum biyu su kai masa. A wurin aka sasanta wani da surukinsa. Akwai tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, wanda ba ya iya barci sai ya zo ya yi surutu ya gaji. Akwai wani mai kiwon tattabaru da zai yi awa guda yana ba ka labarin halin kowace. Idan lokacin labaran BBC ya yi a ƙaro murya, a gama a yi ta musu a kan siyasa har jijiyar wuya ta tashi, ladan na cewa Allahu Akbar a share ramuka da ƙafa a nufi alwala. Abin da ya fi tsaya mini shi ne duk wanda bai zo ba sai an tambaya. Kwana biyu ba a ga mutum ba, za a tashi yaro ya je ya dubo.

Darar ma da na zuba mata ido na ga ba abin rainawa ba ce. Gida talatin ne ake tonawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Sai an gama zubawa a fara turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗaya daga na abokin karawarsa. Direba, wanda a gida sai ya manta inda ya ajiye tabarau, a nan yana hango abin da zai faru bayan turi huɗu. Ranar da na fara karɓar karan, hannuna rawa yake yi kamar na ɗauki abin sata. Aka cinye ni cikin ɗan lokaci, aka yi dariya, ni ma na yi. Da na dawo gida uwargidana ta dube ni ta ce rabon da ta ga haƙorana tun kafin azumi. Daren nan na yi barci har sai da aka tashe ni asuba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. A wannan lokacin na koma karatun zaure a Unguwar Juma da hantsi, na ɗauko Risala daga inda na ajiye ta tun ina saurayi. Wata rana bayan an watse na tsaya na gaya wa Malam komai, har da maganar mahaifina. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ban ce maka ibada ce ba, kuma akwai malaman da suka ƙi irin waɗannan wasanni, da hujjarsu. Idan caca ta shiga, ko zagi, ko aka kira salla kuka ce bari a ƙarasa, to ka tashi ka bar wurin." Sai ya tuna mini da Sahabi Hanzala, wanda ya zo yana tsoron ya zama munafuki saboda a gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zuciyarsa na cika da tunanin lahira, idan ya koma gida kuma sai ya shagala da iyali da dukiya, aka amsa masa cewa lokaci da lokaci ne. Malam ya ce, "Zuciya tana gajiya kamar yadda gwiwa ke gajiya. Je ka duba 'yan'uwanka, ka dawo mini da hantsi da kai sakayau."

Na yi ta tunanin mahaifina bayan wannan, Allah ya jiƙansa. Sai na tuna cewa zauren da yake ɗinki a ciki bai taɓa zama babu mutane ba. Almajiransa huɗu suna gefe, maƙwabta suna shigowa da goro, dillalai suna zuwa, ana hira tun hantsi har la'asar. Majalisarsa tana tare da allurarsa, shi ya sa bai taɓa buƙatar gindin cediya ba, har ya ga kamar masu zuwa can ɓatattu ne. Mu 'yan boko da aka raba mana aiki daban, gida daban, ranar da aka karɓe aikin sai aka haɗa da mutanen aka tafi da su. Manomi da maɗinki da ɗan kasuwa ba su san wata rana guda da ake ce musu daga yau an gama ba, suna rage aiki ne a hankali gwargwadon ƙarfi. Kuma akwai tsofaffi da yawa a garin nan da maganar hutu ma ba ta taso musu ba, ga su nan a kasuwar Sabon Gari da bakin Kwangila suna tallan goro da asuwaki da shekara saba'in a kansu, domin idan ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Idan na faɗi damuwata a gabansu kunya nake ji. Amma damuwar gaskiya ce, na kwana da ita.

Abin da ya faru da yayata shi ya fi ƙona mini rai. Mijinta ya rasu, tana zaune a gidansu na cikin birni tana daddawa da ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta riƙe ta shekara arba'in. Gidanta kullum cike, masu saye, masu kawo kalwa, 'yan adashi, yaran maƙwabta. Ɗanta Allah ya buɗa masa, ya gina gida a Hanwa mai katanga da get da maigadi, ya zo ya ce, "Hajiya, wahalar ta isa haka. Abin kunya ne a ce uwata tana tallan daddawa. Ki zo ki huta." Da kyakkyawar niyya ya yi, yaro ne mai jin ƙai. Aka ba ta ɗaki da fanka da talabijin, abinci sai dai a kawo mata. Bayan wata shida na je gaishe ta, na tarar ta rame, tana zaune a bakin gado ta zuba wa bango ido. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan'uwana, a nan ko sallama ba na ji. Gari ya waye, gari ya yi duhu, ba wanda ya ce Hajiya miƙo mini kaza." Irin gidajen nan na yanzu ba su da zaure, baƙo sai ya buga waya kafin a buɗe masa, tsohuwar da ta saba da a ɗaga labule a shigo kuwa ba ta da lambar kowa.

Na samu ɗan nata muka yi doguwar magana. Da farko ya ji haushi, ya ce, "Kawu, me na rage ta da shi?" Na ce ba ka rage ta da ci da sha ba, amma ka ɗauke mata abin da take tashi dominsa. Da ƙyar ya yarda ta riƙa kwana uku a tsohon gidanta kowane mako, ta kuma koma Islamiyyar matan aure da take zuwa. Daddawar ma ta ci gaba da yi kaɗan-kaɗan, rabi sayarwa rabi kyauta. Ranar da na same ta a tsakar gida tana faɗa da wata maƙwabciya a kan mudun kalwa, na san ta dawo.

Shekarar 2020 ta gwada mu duka. Da cutar korona ta shigo, a ƙarshen watan Maris aka rufe jihar Kaduna, aka hana jam'i da Juma'a, majalisarmu ta watse. Matasa suna da wayoyinsu, mu kuwa yawancinmu ƙaramar waya ce ta kira, kuma hirar tsofaffi ba ta yiwuwa da kati na ƙarewa. Direba yana da ciwon suga, 'ya'yansa suka tsare shi a ɗaki saboda tsoro, kuma suna da gaskiya. Na kira shi wata rana ya ce, "Hedimasta, na tona ramukan a tsakar gida, ina yi ni kaɗai, hannun dama da na hagu." Kafin a buɗe gari sosai Allah ya karɓi abinsa. Mutanen da suka raka shi ba su da yawa. A watan Satumba na shekarar kuma Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a kan gado, sarkin da aka naɗa ina ɗan makaranta. Sai na ji kamar ana naɗe tabarmar zamaninmu ne gaba ɗaya. Da muka koma gindin dalbejiya, mutum uku babu. Ɗan Direba ya kawo mini guntayen karansa a cikin wani gwangwanin madara, ya ce Baba ya ce a ba ni. Sun yi santsi saboda shan hannu. Da su nake wasa har yau.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zumuncin nesa ya ƙara wuya. Babur ɗina ya fi kwana a jingine, abokaina na Samaru da Wusasa sai a ɗaurin aure ko jana'iza muke haɗuwa. Abin da ƙafa za ta iya kai ni shi na riƙe: karatu da hantsi, ƙailula bayan azahar, majalisa bayan la'asar. Ranar Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo, yaran lungunmu biyar zuwa shida suna zuwa zaure in duba musu lissafi da karatun boko, ba na karɓar ko kwabo. Maganin hawan jini ina sha kullum, gwiwa kuma ta fara gardama.

A daminar da ta wuce gwiwar ta riƙe ni kwana biyu ban fita ba, ga ruwa ana ta yi. Rana ta uku da yamma ina kwance na ji ana kwaɗa sallama a zaure. Jikana ya leƙa ya dawo ya ce wasu tsofaffi ne su biyu. Na dafa bango na fito, sai ga tsohon sojan nan da mai tattabaru, sun naɗe ƙafar wando, taɓo har idon sawu, ɗaya riƙe da lemar da ta karye. Sojan ya ce, "Hedimasta, lafiya? Kwana biyu ba mu gan ka ba." Na ce gwiwa ce. Ya ce to ai ba gwiwa ke turawa ba, ya dubi jikana ya ce, "Kai yaro, samo mana tsakuwa goma sha biyu." Uwargidana ta aiko da tabarma da shayi, na ce a ɗauko mini gwangwanin da ke kan taga, mai tattabaru ya tsuguna ya fara tona ramuka a ƙasan zauren, daidai inda buzun mahaifina yake a da.